Ranar da na yi wa akuyar surukata bayanin likita

Ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulu a shanya ta a rana, ba zan manta da wata Juma'a da na durƙusa gaban akuya ina roƙon ta ba. Ni tela ne a kasuwar Filinge, bakina kuma ya fi kekena gudu, amma ran nan sai da na nemi aron baki.

Maiɗakina tana da ciwon kumburin hanji. In ya tashi, sai murɗar ciki da zawo mai jini, ta rame har zanenta ya zagaye ta sau uku. Mun sha maganin atuni da na basir har na fara zargin mu muke ciyar da masu saiwoyin ƙasarmu ta Kurfai kaf. Sai a Yamai wata likita ta duba hanjin, ta ce ba ciwon da ake kora ba ne, lallaba shi ake yi da magani kullum. Ta rubuta mata ƙwayoyi, ciwon kuwa ya kwanta.

Da ta sami cikin farko, tsoro ya sa ta daina shan ƙwayoyin a ɓoye, wai kada su taɓa ɗan. Ciwon ya taso, cikin ya zube a wata na uku. Ba wanda muka gaya wa, don a wajenmu ƙaramin ciki ba a maganarsa, balle na fari. Da muka koma Yamai, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce tashin ciwon ya fi maganin haɗari ga jariri nesa ba kusa ba. Ta cire ƙwaya ɗaya da ba ta dace da mai neman haihuwa ba, ta bar sauran, ta ƙara da na ƙarin jini, ta ce mu jira hanjin ya yi watanni a kwance tukuna. Muka jira. Allah ya kawo na biyu, ana awo a matanite, asibitin haihuwa na Filinge, ana shiga motar kar zuwa Yamai lokaci-lokaci, komai lafiya lau.

Wata na bakwai aka zo ɗaukar ta goyon ciki gidan iyayenta, tunda ba ta taɓa haihuwa ba. Surukata tsohuwa ce ta ƙauye mai riƙe da bori, mace ce da in ta yi tari kajin unguwa ke shiga akurki. Na haɗa wa maiɗakina ƙwayoyinta a gwangwani, na yi ta jaddada mata, suka tafi.

Bayan mako biyu na hau babur na je dubiya. Ina ganin ta gabana ya faɗi. Idanu sun zurma, kafin mu gama gaisuwa ta zaga bayan gida sau biyu. Ta raɗa mini cewa Inna ta karɓe gwangwanin tun daren farko, ta ce mai ciki ba ta haɗiyar ƙwayar Turawa kullum kamar kaza na tsattsagar gero. Ta maye gurbinsu da jiƙo da kunun kanwa. Jinin da ya dawo kuwa, Inna ta ce mutanen ɓoye ne ke neman a tuna da su. Ita kuma 'yar ba ta iya buɗe baki ta ce wa uwarta "cikina", kunya ba za ta bar ta ba.

To, ni fa? Suruki ba ya kallon surukarsa ido da ido, ba ya cin abinci gabanta, balle ya yi mata zancen ciki da zawo. Shekara huɗu da aurena, maganar da ke tsakanina da tsohuwar ba ta wuce "ina kwana" daga bayan zana ba. Na tsaya ƙofar gida ina gumi, ina tuna ranar da na ɗauko matata daga asibiti hannu wofi.

Can na hango akuyarta ɗaure a turke jikin zana, ita kuma tsohuwar tana ciki tana ɓarar gyaɗa. Na cire takalmi, na durƙusa gaban akuyar, na ɗaga murya na gaishe ta da gida da gajiya. Ta dube ni tana tuƙa. Na ce ina da saƙo zuwa ga uwar ɗakinta, in ba za ta damu ba.

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Sai na ji daga ciki: "Akuya, tambayi mai ɗinki, rana ce ta buge shi bisa hanya?"

Na samu ƙofa. Na zayyana wa akuyar nan duk abin da likita ta ce, har da abin da ba ta ce ba. Tsohuwa ta amsa ta bakin akuya cewa ta haifi tara ba ƙwaya ko ɗaya, kuma ba tela ne zai koya mata renon ciki ba. Nan wasa ya ƙare mini. Na ce:

"Akuya, gaya ma Inna wanga ba shi ne na fari ba. An yi wani bara waccan. Ta bar magani, ciwo ya tashi, munka rasa shi. Kunya ta hana mu faɗi."

Har akuyar sai da ta daina tuƙa. Na ji tsohuwar ta kira 'yarta a hankali ta tambaye ta ko gaskiya ne. Sai kuka na ji. Jim kaɗan sai ga hannu ya zuro gwangwanin ta ƙarƙashin zana.

"Akuya, ce mishi ya nuna miki wace ta safe, wace ta marece. Kuma gobe da ni za a tahi wurin likitar."

Haka aka yi. Aka duba maiɗakina, aka gyara magani, cikin makonni zawon ya tsaya. Tsohuwa ba ta fasa yi wa mutanenta na ɓoye turarensu ba, ni ma ban hana ta ba, amma jiƙo da kanwa sun bar gidan. Ta zama sojan ƙwaya: ko agogon gidan rediyo bai kai ta cika lokaci ba.

Cikin ya kai watanninsa cif. Aka haifi 'ya mace a matanite, mai ƙarar da na rantse an ji ta har garin Bonkuku. Ranar suna wani kawu ya kawo shawarar a ƙara da akuyar nan cikin tukunya. Ni da surukata muka ce a'a a tare, karo na farko da muryoyinmu suka haɗu ba ɗan aike. Tsufa ne ya kashe akuyar, cikin girma da dussa.

Yau yarinyar tana lakwal, makarantar boko, uwarta na shan maganinta, an ma yi mata ƙane. Abin da na koya shi ne, mai irin wannan ciwo ba ta ajiye magani don ta yi ciki sai likita ta ce. Kunya kuma ado ce, ina son ta har gobe, amma ta taɓa cinye mana ɗa ɗaya. In rai yana kan layi, a faɗi maganar, ko da akuya za a gaya wa.