Kwat ɗin Oyugi

Shekara ashirin da biyu yayana Oyugi ya yi yana tura kura a kasuwarmu ta Kisumu. Ugali, tuwon masararmu, na mutum uku yake cinyewa ya nemi ƙari. Amma ba da ci aka san shi ba. In aka yi ihun ɓarawo, shi yake fara isa, riƙe da ƙarfen da yake tokare kurarsa. Da idona na ga abin da ƙarfen nan ya yi wa wani mutum mai jar riga, wanda ya duƙunƙune cikin kwata ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu. Bai sake tashi ba. Ranar mata suka yi ta yi wa Oyugi guɗa, har da ni, ba zan ɓoye ba.

Sai kansar hanji ta kama shi. Aka yanke wurin, aka huda gefen cikinsa aka manna wata 'yar jakar roba, ta nan bayan gida yake fita. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka ni na bar teburin kifina na yi jinyarsa. Ya sa na dafa Littafi Mai Tsarki.

"Awiti, in wani ya ji zancen jakar nan, ba ni ba ke."

Wata huɗu da aikin, ƙungiyar da take ba shi jakunkunan kyauta ta shirya tseren kilomita goma na neman taimako. Ya ce zai shiga, don 'yan dako sun fara cewa Oyugi ya ƙare.

"Yaya, kai da ko tsakar gida ba ka ƙetarewa sai ka huta?"

"Ke dai ki hau acaɓa ki biyo ni da ruwa. Surutu kamar rediyo."

Rigar tseren ta matse shi, jakar ta fito ƙuru-ƙuru. Sai ya ɗora tsohon kwat ɗinsa a kai ya ɓalle maɓallai, ya rufe rigar da lambar tseren gaba ɗaya. Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba.

Kafin kilomita bakwai kowa ya wuce shi, an buɗe wa motoci hanya. Shi kaɗai yake sassarfa ta gaban wata tashar mota inda ba wanda ya san shi, hannunsa cikin kwat yana tallafe da jakar da ta cika. Cunkoso ya riƙe acaɓata a baya. Daidai nan wata mata ta ƙwalla ihu an fizge mata waya.

Ga mutum yana gudu, ga hannu cikin riga.

Wani kwandasta ya sa masa ƙafa ya kife. Kafin na sauka na kutsa, sun rufe shi. Dutse ya fasa masa gira, wani yana tattaka bayansa da takalmi, wani yana zabga masa sarƙar babur. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai kare kansa ba, cikinsa kawai ya rungume.

"Fito da ita, ɗan iska!"

"Ku kawo taya! Wa ke da fetur?"

Ina ihu ina cewa yayana ne, mara lafiya ne, tsere yake yi. Wani ya mare ni ya ce tare muke sata. Aka zura masa taya a wuya, na ji warin fetur.

"Yaya, nuna musu! Don Allah nuna musu!"

Ya ɗago ido ɗaya ya kalle ni, ya girgiza kai. Mutumin nan ya gwammace wuta. Haushi ya turnuƙe ni fiye da tsoro. Na faɗa kansa, sarƙar ta same ni a hannu, na cije hannunsa har ya saki, na fizge kwat ɗin maɓallai suka watse, na ɗage rigar.

Jakar ta riga ta fashe. Ga lambar tsere, ga tabon ɗinki tun daga ƙirji har ƙasan cibiya, ga ƙazanta tana gangara. Wari ya bugi kowa. Wanda ya fito da ashana ya ja da baya yana toshe hanci. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, ko sannu babu.

Bai ƙarasa tseren ba. Haƙarƙari uku suka karye, aka sake ɗinke shi. Labarin jaka kuwa ya riga mu isa kasuwa. Sati shida ina wanke shi ina ba shi kunu, bai ce mini uffan ba. Abin ya ci mini rai, amma da za a sake, cizon zan ƙara.

Wata safiya ina canja masa jaka, ya kama hannuna a inda zanen sarƙa bai gama warkewa ba. Na zaci zagin da na daɗe ina jira ne ya zo.

"Awiti, mutumin nan mai jar riga. Me ya rungume a ƙirjinsa?"

Ina wurin ranar, a sahun gaba, kuma ba wanda ya buɗe hannunsa ya duba.