Mama Saiti Ta Aje Aiki, Injiniya Bai Huce Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa asibitin, kafin mai shara ya gama goge baranda. Ba ta fara zuwa ofis. Da jakarta a kafaɗa take bin ɗakuna, ɗakin kati, ɗakin magani, ɗakin gwajin jini, ɗakin ungozoma. Duk inda ta shiga sai ta kunna kwamfuta, ta karkata kai tana sauraron yadda take tashi. Kwamfutocin tsofaffi ne, manhajar da ke tafiyar da su ma masu ita sun daɗe da daina waiwayarta. Wata sai ta yi minti huɗu kafin ta buɗe ido. Wata kuma sai an fara kunna firinta kafin a tashe ta, in ba haka ba ta wuni tana musun ba ta taɓa sanin wata firinta ba. Ta san halin kowacce, shi ya sa tun daga babban likita har mai gadi, Mama Saiti suke ce mata.

A watan nan ta aje aiki, bayan shekara talatin da ɗaya. Da tafireta ta fara. Da aka kawo kwamfuta ta farko kowa ya ja baya, ita ce ta zauna gabanta da littafin da ya zo a cikin kwalin, tana ɓatawa tana gyarawa har ta gane kanta. Masu ba da labarinta suna da yawa, amma babu wanda ya zuba mata ido a shekarun nan kamar Injiniya, shugaban sashen kwamfuta, wanda a takarda shi ne ogan Mama.

Shekara tara ke nan da ya zo, da digirinsa da takardun kwas har uku da ya jera a bango. Ba malalaci ba ne, kuma ya san aikinsa. Abin da bai shirya masa ba shi ne wayar ofis. Za ta yi ƙara ya ɗauka, a gaishe shi da ladabi, sannan a ce, “Mama na kusa?”

“Ba ta nan. Mene ne matsalar?”

“A'a, ba komai, Injiniya. Za mu jira ta.”

Wannan “za mu jira ta” ya fi zagi yi masa ciwo.

Yana tsaye a ɗakin kati ranar da kwamfutarsu ta ƙi buɗe fayil ɗin marasa lafiya, tana cewa lasisin manhajar bai fara aiki ba. Shi ya riga ya yanke hukunci a goge komai a sake zubawa, aikin kwana biyu. Mama ta shigo, ta yi tambayar da take yi kullum, “Me aka taɓa ƙarshe?” Aka ce ba a taɓa komai ba, wuta ce dai ta ɗauke jiya. Ta leƙa kwanar allo, ta nuna masa kwanan wata. Kwamfutar ta koma shekara goma sha biyar baya. Ɗan batirin cikinta mai kama da maɓallin riga ne ya mutu. Ta canza shi, ta daidaita agogo, fayil ya buɗe. Matan ɗakin kati suka hau tafi, ɗaya har da rungume ta. Injiniya ya yi murmushi shi ma, amma har ya koma ofis haƙoransa a cije suke.

Haka aka yi ta yi. Firintar ɗakin magani ta fara buga wasu alamomi kamar rubutun aljanu, Mama ta ce sabon direban da aka sa mata, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, shi ne bai dace da tsohuwar manhaja ba, ta mayar da tsohon. Mai ba da magani ya yi sati yana tsokanar Injiniya wai ashe firinta ma tana zaɓen direba. Kwamfutar ungozoma da ta ɗakin tiyata suka riƙa korar juna daga hanyar sadarwa, Mama ta gano lamba ɗaya aka ba su su biyu, ta raba musu gardama cikin minti biyar.

Ke ce, Mama, wadda ba ki taɓa cewa a jefar da abu don ya tsufa ba sai kin tambaye shi abin da ke damunsa. Ke ce mai kwance ƙulli ba da almakashi ba.

Injiniya ya rubuta wa hukumar asibiti takarda sau huɗu a sauya tsofaffin kwamfutocin. Gaskiyarsa ce, kuma an sauya da yawa. Sai dai shi kansa ya san ba kishin asibiti kaɗai ke tura shi ba. Yana so ya ga ranar da za a rasa abin da za a kira Mama a kai. A gida ma bai tsira ba. Wata rana suna cin abincin rana 'yarsa ta fari, mai shekara shida, ta ɗago kai ta ce, “Baba, wai Mama Saiti ce ogarka?” Matarsa ta ƙware don dariya. Shi kuwa ya ture kwano ya ce ya ƙoshi.

Kwamfuta ɗaya ce ta gagari sauyi, ta ɗakin gwajin jini. Injin ƙirga jinin da ke haɗe da ita lafiyarsa ƙalau, amma manhajarsa ba ta zama sai a kan tsohon tsari. Babu mai taɓa kwamfutar nan sai Mama. Har ƙyalle aka ɗinka mata na rufe ƙura.

Bara 'yar Mama ta haihu, ta ɗauki hutun kwana biyar ta je ta zauna da ita. Ran nan da yamma, bayan an tashi daga ɗakin gwaji, Injiniya ya karɓi makulli. Ya yaye ƙyallen, ya tsaya yana kallon allon. Saitin harshe da yanki ya saɓa da na sauran kwamfutocin asibitin. Wayar injin kuma an cusa ta a wata kafa ta can baya, a lanƙwashe. Ya yi tsaki, ya ce a ransa aikin 'yan koyo da ka ke nan. Ya daidaita saitin da na kowa, ya mayar da wayar kafar gaba, ya ɗaure wayoyi tsaf, ya tafi gida yana jin daɗi. In ta dawo ta ga komai na tafiya, sai a san akwai wani mai kai a asibitin nan.

Washegari ƙarfe takwas shugabar ɗakin gwaji ta kira shi. Injin na aiki, amma kwamfuta ta ce ba ta ganinsa. A benci mutum ya fi talatin, kowa da auduga a hannu. A ɗakin tiyata kuma akwai wata mata da aka shirya yi wa aiki ƙarfe goma, likita ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya ga yawan jininta.

Ya yi awa guda yana fama kafin ya gane sauya kafar waya ya sauya mata lamba, tsohuwar manhajar kuwa lamba ɗaya ta sani. Ya gyara. Sakamako ya fara fitowa, ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara gyara wuyan riga. Sai ya ga shugabar ta kafa wa takardar ido.

“Injiniya, wannan ba daidai ba ne.”

“Ai ga shi ya fito.”

“Ya fito, amma duk lambobin sun kumbura. Jinin matar nan tamanin da biyar? A ma'auninmu ko giwa ba ta kai haka ba.” Ta zaro wata takardar. “Wannan ce ma ta fi ba ni tsoro. Sha biyu, kamar na mai lafiya. In ɗaya da ɗigo biyu ne fa? Sai mu sallami wanda ya kamata a kwantar. Ni dai ba zan sa hannu ba.”

Injiniya ya koma kan kwamfutar. Ya kashe ya kunna, ya cire ya mayar, ya bi duk inda ya sani. Gumi ya jiƙa masa bayan riga. Nas ɗin tiyata ta leƙo sau uku, na ukun agogon hannunta kawai ta nuna. Mijin matar na tsaye a bakin taga yana tambayar duk wanda ya wuce ko lafiya. Injiniya ya ciro wayarsa, ya nemo lambar, ya daɗe yana kallonta kafin ya danna.

“Mama, ina kwana. Ya mai jego da jaririya?”

“Lafiya lau, Injiniya. Muryarka ba ta yi min ba. Wacce ce?”

“Ta ɗakin gwaji.”

“Ga ni nan.”

Cikin minti ashirin ta iso, da silifas ɗin gida a ƙafarta, kafaɗar rigarta duk tumbuɗin jaririya. Ta zauna, ta dubi takardun, sannan ta dube shi ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

“Me aka taɓa ƙarshe?”

Da zai iya cewa wuta ce. Bakinsa har ya fara haɗa maganar. Sai ya tuna da mutumin da ke bakin taga.

“Ni ne. Na mayar da waya gaba, kuma na sauya saitin yanki.”

Ta gyaɗa kai kamar ya faɗa mata ƙarfe nawa. Ta buɗe saitin, ta nuna masa da yatsa. Injin da waƙafi yake raba lamba, takwas waƙafi biyar. Da aka sauya yanki, kwamfuta ta koma jiran ɗigo, in ta ga waƙafi sai ta tsallake shi ta haɗe lambobin. Ta mayar da waƙafi, ta rufe manhajar ta sake buɗewa, ta ce a maimaita gwajin matar. Takwas da rabi. Shugabar ta sa hannu, nas ta fizgi takarda da gudu. Likita ya sa aka tanadi jini kafin a fara, aka yi aikin, matar ta tashi lafiya.

Babban likita ya shigo fuska a murtuke, ya ce yana so ya san abin da ya faru.

“Ranka ya daɗe, saiti ne ya sauya,” in ji Mama. “Matsala biyu ce. Injiniya ya gano ta waya, ni na gano ta waƙafi. Kuma ina da laifi, shekara nawa na san da waƙafin nan ban rubuta na manna a jikinta ba. Yau zan rubuta.”

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta, kuma ba ta ƙara komai a kai ba.

Za a zaci nan haushin Injiniya ya ƙare. Ina! Da la'asar ya koma gida yana huci, ya zauna ko takalmi bai cire ba. Matarsa ta ji labarin, ta riƙe haɓa.

“Baiwar Allah ta rufa maka asiri, kuma kake cika kana batsewa?”

“Ai shi ne abin haushin! Ta fi ni sanin kwamfutar, na haƙura. Yanzu kuma ta fi ni hali. Ko abin da zan riƙe a kanta ba ta bar min ba.”

“To je ka faɗi gaskiya mana, ko nan ka kamo ta.”

Ya harare ta. Amma da safe ya ƙwanƙwasa ofishin babban likita, ya faɗi komai da bakinsa, ya sha faɗan da ya cancanta. Daga nan ya wuce wurin Mama ya ce yana so ta zagaya da shi, kwamfuta bayan kwamfuta, ta faɗa masa dalilin kowane saiti da ya ga kamar shirme ne. Wata goma suna wannan zagayen. Ita tana faɗa, shi yana rubutawa yana mannawa. Duk lokacin da dalilinta ya fito fili, sai ya ji abin nan ya sake taso masa a ƙirji, ya haɗiye ya ci gaba da rubutu.

Ranar sallama aka taru a ɗakin taro, aka ce shugaban sashe ya yi magana. Ya miƙe da takardar da ya shirya, ya dube ta, ya ninke ya sa a aljihu.

“Mama, shekara tara ina jin haushinki.”

Ɗakin ya fashe da dariya, an ɗauka wasa yake.

“Wallahi da gaske nake. Yau ma ina ji. Kowa a ɗakin nan idonsa ya yi ja don za ki tafi. Ni ban sani ba ko ranar tawa tafiyar za a samu mutum biyu.”

Dariyar ta tsaya. Mama ta goge ido da gefen mayafi.

“Ɗana, ai na sani tun satinka na farko,” ta ce. “Ban damu ba. Wanda bai damu da aiki ba, ba ya jin haushin wanda ya iya shi. Ka dai riƙa gaishe su da safe kafin su ɓaci, su ma mutanen, su ma kwamfutocin.”

Mama, mun gode. Ke ce kika riƙe tsofaffin injuna suna aiki har marasa lafiya suka samu sakamakonsu a kan kari, yawancinsu ba su ma san kina asibitin ba. Ke ce kika iya gyara kuskuren mutum ba tare da kin tsinka shi a gaban jama'a ba. Allah Ya ba ki lafiyar hutawa, Ya raya miki jikarki, Ya sa ki ga alherin abin da kika yi.

Ku kuma da kuke da irinta a wurin aikinku, tana can wani lungu tana fama da abin da kowa ya raina, in kun ji zuciyarku na tafasa idan aka yabe ta, ba ku ne farau ba. Ku je ku tambaye ta yadda take yi tun tana nan, kuma in kun taɓa abu ya lalace ku ce ku ne. Injiniya ya yi, ga shi yanzu shi ke bin ɗakuna da sassafe. Ya ce har yanzu bai huce ba, kuma ba ya jin zai huce sai ranar da ya kamo ta.