Taguwar Babana a Lakar Wamakko

Jiya motar itace ta kafe a bayan gidanmu. Direban ya yi ta taka ta har ƙafafun baya sunka nutse, sunka tono baƙar lakar nan ta ƙasa mai warin tsami. Ina zaune bakin ƙofa ina tsince wake warin ya iske ni, sai na ji hannuna ya tsaya. Yara na ta tsalle suna jiran janwe ta zo ta ja ta, na kore su da sanda. Sun ce tsohuwa ta cika faɗa. To, bari in gaya muku abin da warin nan ya tono mini, ku yi mini hukunci da kanku.

Ina yarinya, ban kai ɗaukar tulu babba ba, a shekarun da Nasara sunka fara zama Sakkwato. Babana madugu ne. Yakan tafi arewa da hatsi da tufafi, ya komo da gishiri da dabino. Raƙuman ayarin duk na mutane ne, tasa guda ce tak, wata farar taguwa da ke gaba da ƙararrawa a wuya. Tun tana 'yar ƙarama ya reno ta. Ya sha ba mu labarin shekarar da sunka iske rijiya a bushe, ita ta fizge akala ta kai su ga ruwa. A gidanmu ba a ce mata dabba a gabansa. Idan ayari ya komo, ƙararrawarta mata ke fara ji tun daga ƙofar gari, sai guɗa ta tashi gida gida.

A shekarar da nake faɗi, Nasara sun aje mutanensu bakin mashigin da kowa ya sani, suna karɓar harajin ayari. Fatake sunka matsa wa babana ya kauce. Shi da bai taɓa barin hanyar ubansa ba, ya yarda, ya zagaya da su yamma ta wajen Wamakko don su ƙetare fadama.

An gama yankan shinkafa lokacin. Gulbi ya ja baya, ya bar laka mai ɓawo a sama. Ɓawon nan ya bushe ya tsattsage, mutum ya taka shi ya wuce lafiya, jaki ma ya wuce. Amma ƙarƙashinsa kunu ne.

Al'adarmu ce a tari ayari a zangon ƙarshe da fura. Mata matasa ba su fita, sai tsofaffi da yara. Kakata, wadda ta haifi babana, ta ɗora mini ƙwarya a ka, munka bi mutane tun da sanyin safiya. Tsohuwa ce doguwa marar yawan magana, in ta dube ka sau ɗaya ka san laifinka. Rana ta yi sama munka isa, tun daga nesa kuma na san ba lafiya, don raƙuma na tsaye cirko-cirko a kan tudu ba wanda ya sauke musu kaya.

Taguwar na can tsakiyar fadama, laka ta ci ƙafafunta huɗu har ciki, kantun gishiri na ɗaure a bayanta. Ita ce a gaba, ita ta fara faɗawa, sauran anka ja da su baya. Duk motsin da ta yi sai ƙararrawar ta buga, ita kuma ta ƙara nutsewa. Babana na kusa da ita, laka har cinya, ya riƙe akala yana mata magana a hankali.

A ƙauyen bakin gulbin akwai masu fito. Su ke ƙetarar da mutane da damina, da rani kuma su ke ciro abin da laka ta kama. Suna da takarkarai, shanun ja, da igiyoyin rama masu kaurin damtse da zana da suke shimfiɗawa su taka. An riga an aika musu. Babbansu, wani gajeren dattijo mai ido ɗaya da ake ce wa sarkin fito, ya zo yana tafe kamar wanda anka gayyata biki.

"Madugu, sannu da hanya," ya ce. "Kun guje ma Nasara kun faɗo ma laka. Su ko takarda suna badawa, ita ba ta bada komi."

Mutanensa sunka yi dariya. Babana bai yi ba.

Suna da ƙa'idarsu tun kaka da kakanni. Kafin su taɓa igiya sai mai dabba ya faɗa da bakinsa gaban shaidu: rai ko kaya. In ya ce kaya, za su kwashe kayan ɗaya ɗaya a kan zana, dabba ta jira, ko ta kai ko kar ta kai. In ya ce rai, za a yanke ɗaurin, kaya su faɗa inda sunka faɗa. Ladansu kuwa, in dabba ta fita da rai a ba su kantu guda. In ta kai ga wuƙa, rabin naman nasu ne. Ku riƙe wannan, don a nan masifar take.

"Rai," babana ya ce, tun sarkin fito bai rufe baki ba.

Anka yanke ɗaurin. Gishirin nan da ya sha wata da watanni yana tafiya dominsa ya zube cikin laka, ina kallo fari na komawa baƙi. Bai ko waiwaye shi ba.

Sarkin fito ya tuɓe riga, ya kwanta a kan zana, ya cusa hannu cikin laka har kafaɗa yana lalubar ƙafafunta. Ya daɗe a ta gaba ta dama. A daidai lokacin nan, kafin ya ɗago, kafin ya ce uffan, munka ji wani ƙara daga tudu: shau, shau, shau. Wani ƙato cikin mutanensa ne ya samu dutse yana wasa wuƙa. Can bayansa kuma matan ƙauyen sun fara fitowa da akusa da ƙwarya. Shekarar ba ta yi musu kyau ba, ana ganin haka a wuyan 'ya'yansu.

Na ga fuskar babana ta ɗaure.

Sarkin fito ya tashi zaune ya share hannu. "Madugu, ƙahwar gaba ta karye. Ko mun hidda ta ba ta tashi. Kuma in shanu sunka ja, zuciyarta ba ta ɗauka. Ka soke ta nan tun da sauran numfashi, mu jawo nama halal."

"Tun yaushe ta karye?" babana ya ce. "Tun kahin ka taɓa, ko tun da yaronka ya ji yunwa?"

Mai wasa wuƙa ya tsaya.

"Ni ban aike shi ba," sarkin fito ya ce.

"Matan ga hwa? Su ma ba ka aike su ba?"

"Mata sun ga raƙumi cikin laka, Madugu. Sun san abin da sunka saba gani."

Kakata ta aje sandarta, ta tattare zane, ta taka zana har inda ɗanta yake. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta dubi taguwar, ta dubi idonta da kumfar bakinta.

"Kai wanga," ta ce, "mai ido guda ya gani, kai mai biyu ba ka gani ba? Ka yi mata abin da ya dace."

"Inna, nama suka so."

"Su so. Ita mi taka so?"

Ban taɓa jin babana ya ƙetare maganar kakata ba sai ran nan. Ya ɗaga murya yadda duk tudun zai ji, ya rantse cewa duk wanda ya zare wuƙa kusa da taguwarsa, su biyu ne. Ya ce ya faɗi rai gaban shaidu, ya zubar da gishirinsa a kan haka, su cika ƙa'idarsu su ja.

Sarkin fito ya dube shi da idon nan guda, ya ce, "Taguwarka ce." Ya juya ga mutanensa. "Ku ɗaura."

Sunka tona gefenta da hannu, sunka zura igiya ta ƙarƙashin ƙirji da ta bayan ciki, sunka sa tsumma don kar ta yanke ta. Gaskiya zan faɗa, ban ga ha'inci a aikinsu ba. Takarkarai huɗu ko biyar anka jera a kan tudu. Anka yi kabbara, anka kora. Igiya ta miƙe tana ɗigar ruwa. Taguwar ta yi wani kuka da har yau ban ji irinsa ba, laka ta riƙe, ta riƙe, sannan ta sake ta da ƙara kamar an tsotse ɓargo. Anka jawo ta kan zana a kwance har bakin tudu. Ƙafar gaba ta dama na bin ta a baya, a lanƙwashe inda ba gaɓa.

Babana ya durƙusa ya ɗora kanta a cinyarsa. Fatake na cewa, "Madugu, wuƙa! Madugu, tana tafiya!" Ba mai ikon matsowa saboda rantsuwar da ya yi. Shi kaɗai ke iya warware ta. Na ga hannunsa ya je ga kube, ya tsaya, ya koma yana share mata laka a ido. Ya sake zuwa ga kube. Sa'ad da wuƙar ta fito, wuyan ya riga ya saki. Ƙararrawar ta taɓa ƙasa ta yi ƙara sau ɗaya.

Ta tafi mushe. Matan ƙauyen sunka juya da akusansu wofi, yaransu na waiwaye. Babana ya sa anka ɗauko kantu daga kayan wani falke ya miƙa wa sarkin fito, don ta fita lakar da rai. Dattijon ya sa rigarsa, ya ce, "Aje abinka, Madugu. Ba mu karɓar ladan wagga." Kafin mu bar wurin ungulaye sun cika bishiya. Furar da na ɗauko ba wanda ya sha, na komo da ita tana tsami a kaina.

Da la'asar munka shiga gari. Babana ya kwance ƙararrawar ya cusa mata tsumma, ya sa ta a aljihu. Ayari ya shigo shiru. Mahaifiyata ta ji takun raƙuma ba ta ji ƙararrawa ba, ta zube a tsakar gida tana salati, ta ɗauka shi ne bai komo ba. Ya ƙara yin tafiya bayan nan, amma a tsakiyar ayari, bai sake shiga gaba ba. Shi da kakata ba su taɓa tada maganar a gabana ba har sunka bar duniya.

Abin da ke ci na har yau shi ne ban san lokacin da ƙafar nan ta karye ba. Ko cikin laka, yadda dattijon ya faɗa, ko sa'ad da shanu sunka ja. Ina wurin, idona biyu, ban iya rantsewa. Wani lokaci in ce da ƙaton nan ya yi haƙuri da wuƙarsa kaɗan, da babana ya ji magana. Wani lokaci in ce ko ba wuƙa, ba zai iya ba.

Yanzu gada ta hau gulbi, ayari ya zama labari. Motar jiya janwe ta zo ta ɗaura mata sarƙa, ta fizge ta, wani ƙarfe ya tsinke a ƙasanta. Direba da mai janwe sunka kama cacar baki, wannan na cewa kai ka karya, wancan na cewa a karye na iske ta. Sun gama, anka ja ta gareji, gobe za ta tashi.

Na shiga ɗaki na buɗe adakata. Ƙararrawar na nan, ita kaɗai na roƙa cikin gadon babana. Jikokina sun sha cewa in cire tsumman su ji yadda take kuka. Ban cire ba. Shi ya cusa shi da hannunsa.