Wanda Ya Yi Muryar Ɗan Maraƙi

Shekara biyar ke nan cif da aka kashe Hammadi. Sallar azumi biyar kuma ke nan ina jin muryarsa tana fitowa daga talabijin, yara suna ta dariya.

Da yawa daga cikin masu karatu sun san shirin, ko da ba su san mai shi ba. Zane ne mai motsi, abin da yara ke kira katun, wanda wani gidan talabijin a Sakkwato ke nunawa da hantsin ranar Sallah. Ɗan jakin manomi da ɗan maraƙin makiyayi sun yi ado za su yawon Sallah, sai maraƙin ya faɗa tsohuwar rijiya. Jaki ya bar shinkafa da nama suna jiransa, ya wuni yana jan igiya har ya fid da abokinsa. Shi ke nan labarin. Hammadi ya zana shi, shi ya yi muryar maraƙin. Ni na yi ta jakin.

Tare muka yi firamare a Sabon Birni. Ni ɗan cikin gari ne, shi kuwa daga rugarsu ta bayan Tsamaye yake takowa kullum. Ba shi da aiki sai zane da gawayi a bangon aji, ya sha bulala a kai bai bari ba. Da muka girma na zama malamin makaranta, shi ya tafi Sakkwato karatu ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Shekara biyu ya yi yana zana shirin nan. A ɗakina muka ɗauki murya, mun toshe taga da bargo saboda kukan babura. Na tambaye shi yadda za ni sake muryata ta yi kama da ta jaki. Ya ce, "Isiya, yi magana yadda ka saba, ta isa."

Ranar da aka fara nuna shi, gidan kallon unguwarmu ya cika har waje. Da sunansa ya fito a ƙarshe, mutane suka ɗaga shi sama suna kiran "ɗanmu, ɗanmu".

Sai ƙasa ta rikice. Ba sai na faɗa wa mutumin Gobir abin da 'yan bindiga suka yi mana ba. Kawuna a gonarsa suka harbe shi, wajen Gatawa, fartanya a hannu. Amma mutanen nan su ne suka kore shanun mahaifin Hammadi kaf, suka kashe yayan Hammadi da ya bi sawu. Wannan kuwa ba wanda ya sa shi a lissafi. An ga fuskar Bafillace a cikin masu harbi, shi ke nan kowane Bafillace ya zama mai harbi.

Ranar kasuwar wani ƙauye ce tsakaninmu da garin Isa, da rana tsaka. Na je sayen albasa. Hammadi kuma ya zo saya wa mahaifiyarsa maganin ƙafa. Wasu samari masu gora da bindigogin gargajiya suka tare shi a tashar babura, suka zazzage jakarsa, suka buɗe kwamfutar. A ciki akwai zanen sabon shirin da yake yi: hanyoyin daji, rijiyoyi, rumbuna, bayan gidaje. Babbansu ya ɗaga ta sama ya ce ga taswirar da ake zana wa ɓarayi.

Hammadi bai ruɗe ba da farko. Ya hango ni, har ya yi murmushi. Ya ce, "Ga Malam Isiya can, ku tambaye shi. Tare munka yi aikin ga."

Babban nasu ya juyo. Na san shi, na koyar da ƙanensa. Ya ce, "Malam, ka san wanga Bahillace?"

Ido wajen ɗari ya dawo kaina. Na tuna an ce mugu shi ya san makwantar mugu, kuma a ranar duk wanda ya san Hammadi mugu ne. Na ce, "Ina dai ganin shi cikin gari."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban yi masa ƙazafi ba, ban ɗaga sanda ba. Shekara biyar ina lallashin kaina da wannan, bai taɓa sa na ji sanyi ba.

Wani daga cikin samarin ya gane muryar. Ya ce, "Kai, wanga shi na maraƙin talabijin! Yi muna kukan maraƙi mu ji." Suka durƙusar da shi a cikin kashin awaki. Ya yi musu, yana zaton idan suka yi dariya za su sake shi. Sun yi dariyar kuwa, har da riƙe ciki. Suka ce ya ƙara, ya ƙara. Sannan suka ja shi bayan kara, inda ake sayar da dabbobi. Bai sake kallon inda nake ba. Mai albasa ya miƙo mini ƙullina, na karɓa, na hau babur. Ban kai bakin hanya ba na ji ƙarar bindiga.

Yau da zai dawo, me zai ce? Zai tarar ana nuna shirinsa kowace Sallah, an ma ƙara masa jawabin zaman lafiya a gaba. Zai tarar an yanke ƙarshen, wurin da sunansa ke fitowa. Na tambaya, aka ce lokaci ne bai isa ba. Zai tarar 'ya'yan waɗanda suka ja shi suna zaune a gidan kallo suna yi wa jaki tafi idan ya ja igiya. Babban nasu yanzu shago gare shi, a sahun gaba yake yin Idi, idan mun haɗu yakan riga ni gaisuwa. Ni kuma ina amsawa.

Zai kuma tarar gari ya ba ni shirin. Bara makarantarmu ta yi taro, aka kira ni gaban ɗalibai a matsayin malamin da ya koya wa yaran jiha amana. Na miƙe, aka tafa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ni na yi wanka a gaban jama'a na ɓoye nawa, ba wanda ya lura. Ina jin da Hammadi na wurin ba zai yi fushi ba. Zana ni zai yi, kuma na san siffar da zai ba ni: jakin da ya saki igiya.

Abin da ya rage na Hammadi kaɗan ne. Kwamfutar an farfasa ta a wurin. Ba a ba da gawarsa ba, saboda haka babu kabarin da za a nuna. Sai mahaifiyarsa, Inna Juma, wadda ke zaune a wata bukka a gefen Bafarawa wajen 'yar ƙanwarta, da saniya ɗaya ta aro. Nakan je gaishe ta gab da kowace Sallah, kullum da niyyar in faɗa mata. Ba ta san ina kasuwar ba a ranar. Ba wanda ya gaya mata, domin waɗanda suka sani ba su zuwa inda take.

Makon jiya na je. Idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Ɗana, duk abokan shi sun guje ni, kai ɗai ka riƙe amana. Allah shi ba ka aboki irinka." Na buɗe baki, sai na ji na ce amin.

Da za ni tafi ta shiga bukka ta fito da ɗan kwano na man shanu, na sati biyu da ta tara ba ta taɓa ba. Ta ce in kai wa yara. Na karɓa. Da shi aka yi miyar Sallah a gidana, kuma na ci.