Kwanon Karyar Likita

Yaya, ki gafarce ni da na zo miki da takarda a kwanakin da ko amsa sallama nauyi yake miki. Na yi ta juya maganar a raina, na ga ba za ta jira ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, bayan azahar, Allah ya karɓi ran mijinki, wan maigidana, likitan dabbobin da duk muke kira Likita, bayan jinyar wata bakwai. Da aka ce mini ya cika da kalmar shahada, cikin sauƙi, sai kuka da hamdala suka zo mini tare. Ya huta.

Masu shanu da awaki sun faɗi alherinsa. Ni tawa shaidar a kan kare ce.

Shi ya ba mu Dogo, ɗan karyarsa, don gadin kaji. Kin san halina da tsarki. Don kada in yi ta wanke kwano sau bakwai safe da rana da yamma, sai na yi dabara: in tara abincin yini guda a babbar roba, in tura masa da sanda da la'asar, ya zuƙe a tsaye, a kwance masa sarƙa ya yi ta tsalle. A ganina na yi wayo.

Wata la'asar na tarar cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, yawu na dalala. Likita ya iso ko hula babu. Ya ƙwanƙwasa cikin, ya ce tumbin ne ya cika da iska ya murɗe, kuma manyan karnuka masu zurfin ƙirji ba sa daɗewa in ya kama su. Ya soka allura iska ta fita, ya ɗauke shi zuwa asibitinsa ya yi masa aiki. Dogo ya tashi.

Da na faɗa masa yadda nake ciyarwa, bai yi mini faɗa ba. Dariya ya yi ya ce, "Malama, kin tsare kwano kin manta da mai kwanon. Ki raba uku, kaɗan-kaɗan, kuma kada ya yi gudu sai abinci ya kwanta." Ni kuwa da Likita ya nemi ruwan sha ranar, don ya taɓa kare, a tsohon kofi na ba shi, na kuma yar bayan tafiyarsa. Shekara huɗu abin yana cina. Watan jiya na faɗa masa a gadon jinya. Ya ce, "Ai na lura. Kofin ma yoyo yake, gara da kika yar." Ya yafe mini, na dawo gida da sauƙin zuciya.

To, jiya da na zo gaisuwa, a lungun gareji na ga an juye ragowar abincin masu zaman makoki a daro, cike fal, karyarsa ta kafa kai. Ba laifin kowa ba ne, tausayi ne. Ban nemi sanda ba, Yaya. Da hannuna na janye daron. Ta yi mini gurnani, na ba ta haƙuri. Na zauna wurinta har magariba ina taɓa cikin, na ji shi da laushi. Alhamdu lillahi.

Likita, ka ji tausayin bayin Allah da ba su da bakin gode maka. Allah ya ji ƙanka fiye da haka, ya yalwata kabarinka, ya sa jinyarka ta zama kaffara. Yaya, ke da yara da maigidana, Allah ya ba ku haƙuri, ya riƙa muku.

Sai dai gobe ma za a yi ragowa, kuma wanda ya san yadda ake raba mata ya tafi. In babu mai tsaya mata, ki ba ni ita ta zauna da ɗanta. Na riga na tanadi kwano na biyu. Don Allah ki aiko mini da amsa da wuri, kafin a sake cika daron.

Ƙanwarki.