Masar Inna Delu a Aljihun Farar Shadda

Wata rana akuyar wata mai masa a tashar motar garinmu ta kwanta ta kasa tashi, aka yi maza aka yanka ta.

Inna Delu ake kiran matar. Da mahauci ya farke cikin akuyar, leda ya yi ta zarowa. Baƙa da fara. Irin wadda Inna take ƙulla wa mutane masa a ciki.

Nan take ta rantse: ita da leda har abada.

Rantsuwa ta yi daɗi a baki. Ciniki ne ya ƙi.

Ta koma sa masa a ɗan akwatin kwali. To kwali kun san halinsa, ba ya ganin mai ya ƙyale. Su kuma direbobi a aljihu suke cusa masa, suna tuƙi suna gutsira. Kafin a fita gari riga ta yi taswira.

Ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen wata mai masa a leda ta tsallaken titi. Inna na zaune, masa na hucewa, ƙullu na tsami.

Ana nan, mai ya fantsamo daga tandarta ya sauka kan hular da maƙwabcinta mai wankin hula ya shanya. Ta dafe ƙirji. Shi ko ya sa yatsa ya share, hula fes. Ya ce ai ta sha sitaci da ƙaro, mai ba ya samun hanya.

Inna ta ƙura wa hular ido. Ta je gida ta dama sitacin rogo na ci da ƙaro, ta shafe cikin sabon kwali, ta shanya.

Na farko ya tsattsage. Wani ya manne da masar, sai an ɓamɓare. Ta rage ruwa, ta ƙara ƙaro, ta yi ta yi.

Ni da ko sakandare ban ƙarasa ba, ni kaɗai na ce matar nan za ta ba da mamaki. Ku tambaya a tasha.

Ranar Juma'a sai ga Barau direba, shugaban masu yi mata dariya, cikin farar shadda sabuwa dal. Inna ta cika kwalinta mai sitaci da masa mai zafi, ta yi kamar za ta wuce, ta zura masa a aljihu.

"Inna! Shaddar angwancina ce fa!"

"In ta ɓaci, ɗan nan, a tsakiyar tashar nan zan durƙusa in wanke ta, kowa na kallo."

Masu lodi suka bar lodi.

Barau ya ƙame kamar soja, har masar ta huce. Ya zaro kwalin, ya juyo aljihun waje. Ya ɗaga shi a rana. Ya shinshina.

Ko ɗigo.

Ya sosa ƙeya, ya matso da ɗaya gefen rigar.

"Inna... a cika min wannan aljihun ma."

Darasi: Mutane ba za su bar abu marar kyau don ka yi musu wa'azi ba. Kawo musu wanda ya fi shi, ka tsaya a kansa da mutuncinka.

Tura wa duk mai sayar da abincin da ka sani. Wanda ya karanta ya wuce shiru kuma, na ga sunansa!