Sunan Ɗan Fari a Bakin Taga

Ɗana na fari sunan mahaifina na sa masa, don haka nauyi biyu ne a bakina: ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan Baba. Tun ranar da aka raɗa masa suna a ƙauyenmu na bayan Runka ban taɓa kiransa da shi ba. In zan aike shi sai in ce "kai", in ina zancensa da mutane sai in ce "yaron nan". Haka na ga mahaifina yana yi da yayana, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙiyayya. Mahaifiyarsa ma ta fi ni tsanani. Ko ɗaukarsa ba ta yi a gaban mutane, kakarsa ce ta yi ta goyonsa.

Da ya isa shiga firamare aka kai shi Batsari, gidan yayana. Na ƙi zuwa wurin rajista don na san malamin zai tambayi sunan yaro. Yayana ya je, aka tambaye shi sunan uba, ya ba da nasa. Labari ya iso ni kafin damina ta fita, ban gyara ba. In faɗi gaskiya har daɗi na ji, ina ganin na cika mai kunya. Sunan yayana ya bi yaron sakandare, ya bi shi makarantar koyon jinya, ya hau kan fasfonsa, ya ƙetare da shi ƙasar Turawan da ya samu aikin asibiti. Yayana kuwa ya rasu tun yaron bai tafi ba.

Da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, muka dawo Safana muka raɓa a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Yaron ya ce ba zai iya barci ba muna nan, mu zo mu zauna wurinsa. Akwai bizar dogon zama da ake ba iyayen ma'aikaci irinsa. Ban so ba da farko, amma rabonmu da ganinsa ya yi nisa, ya haifi 'ya'yan da a waya kawai muka san fuskarsu.

Muka yi fasfo a Katsina, aka ɗauki hoton yatsunmu, aka duba ƙirjinmu a asibiti. Saboda bambancin sunan nan na je kotu na dafa Alƙur'ani na rantse ni na haife shi, aka ba ni takarda mai hatimi. Na ɗauka magana ta ƙare. Muka hau akori-kura zuwa Dutsinma, daga nan mota har Abuja.

A ofishin bizar, ɗaya bayan ɗaya ake kira. Ni aka fara kira. Na tsaya a bakin wata taga mai gilashi, baturiya a ciki, tafinta a gefenta, matashi ɗan Hausa da bai kai ɗan autana ba. Ko sannu da zuwa bai yi mini ba. Ta juya takarduna, ta dubi ta kotu, ta ajiye ta gefe kamar takardar ƙunshin ƙosai. Sai tafintan ya ce, "Baba, ta ce ka faɗi cikakken sunan ɗan naka."

Na ce masa ai ga shi nan a rubuce a gabanta. Ya ce daga bakina take son ji.

Na buɗe baki, wallahi sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ba mantuwa na yi ba. Wa zai manta sunan ubansa? Na ce, "Ɗan nawa ɗan fari ne, kuma mai sunan mahaifina. Kai ma ka san ba a faɗa."

Firamare kawai na gama, amma na yi shekaru ina awon gyaɗa tare da ma'aikata, ina tsintar Turanci. Na ji abin da ya gaya mata. Cewa ya yi ba zan iya faɗin sunan ba. Iyakarta ke nan. Bai ce ɗan fari ba, bai ce kunya ba. Wannan tafinta, in an bincika, tasa uwar ma ba ta kiran sunan yayansu. Ya san abin da nake nufi sarai, ya ga bayanin zai ɗauke shi lokaci, ko kuma kunyar al'adar tasa yake ji a gaban baturiya. Ita kuwa ta rubuta wani abu, ta dube ni irin kallon da ake wa wanda aka kama da akuyar sata. Ni da furfurata, na rantse da Littafin Allah, amma ba a bakin komai yake ba.

A motar dawowa na tambayi mai ɗakina yadda ta yi da tambayar, ina jiran in ji ita ma ta turje. Ta ce ta faɗa, har da na yayana a ƙarshe, kamar yadda yake a fasfo. Na ce, ke? Ke da ko goyonsa ba ki yi ba?

Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, a gaban surukai na yi kunyata, duk sun mutu. Wannan matar surukar wa ce? Ni ɗana nake son gani."



Ita aka ba ta bizar, ni aka hana ni. Dalilin da suka rubuta shi ne ban gamsar da su cewa akwai dangantaka tsakanina da wanda ya gayyace ni ba. Yaron ya bugo waya yana ta ba ni haƙuri, ya ce lauyansa ya ce akwai hanya, a ɗebi yawuna da nasa a gwada. Na ce a gwada me? A garinmu in aka ce a gwada ɗa, uwarsa aka zaga. Na kashe wayar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, cewa sai yawu ya yi mini shaida sannan a yarda da abin da duk Runka ta sani.

Amma ban da bakin da zan yi ta faɗa. Ni na ƙi zuwa rajista, ni na ji an sa sunan wani na yi shiru. Tafintan rana ɗaya ya cuce ni, ni kuwa tun yaron yana ɗan shekara shida na shirya wa kaina wannan.

Na raka mai ɗakina filin jirgi na Kano na dawo Safana ni kaɗai. Bayan sallar layya na je aka goga mini auduga a baki, na bar musu yawun. An ce in sakamako ya fito zan sake komawa bakin tagar nan. Yanzu in na fita ɗan fegin da aka ara mini a bayan gari, na duba ba kowa, sai in gwada faɗin sunan. Yana fita, amma a hankali ƙwarai, kuma gilashin nasu yana da kauri.